Kujerar Mandlakhe

Lahadi, 1 ga Satumba
Ashe daidaita nauyin taya daban, saita ƙafafun mota daban. Ni da nake koyar da kimiyya, abu ɗaya na ɗauke su. Na farkon maganin karkarwar sitiyari ne. Na biyun shi ke sa mota ta miƙe. Tamu ba ta karkarwa. Ja take, zuwa hagu.

Jiya ɗan maƙwabta ya zagaya da ita, ina gefe, don ban iya zama a kujerar direba ba, kujerar mijina marigayi Mandlakhe. Da ya sassauta hannu sai ta nufi kwata.

Talata, 3 ga Satumba
Ɗalibata Sinegugu ta tsaya bayan darasi, ta nuna min hoton rigarta. Koriya ce, irin launin motar. Da gangan, wai.

Duk shekara Mandlakhe yakan kai ɗaya daga 'yan ajina bikin rawar ajin ƙarshe a wannan tsohuwar motar marar rufi, wanda gidansu ba mai abin hawa. Bana ita muka zaɓa. Sai zuciyarsa ta tsaya a Afrilu. A wurin jana'iza na riƙe hannunta na ce ni zan kai ta. Me ya sa na faɗa?

Gidansu yana kan tudu. Gangaren nan duk kwana ne, kuma ramin a hagu yake. 'Yar mutane.

Alhamis, 5 ga Satumba
Babban shagon taya na cikin gari. Fes, har da shayi. Saurayin da ke aiki a wurin ya yi ta neman motar a kwamfutarsa, babu ita. Ya yi dariya: "Mama, wannan ai ta girmi babana." Ya ce zai saka ma'aunin wata mai kama da ita. Da na ga ƙarfen da zai damƙi ƙafafun, masu wayoyi irin na keke da za su iya lanƙwashewa, na ce zan yi shawara. Yaro mai ladabi, bai ɓoye min komai ba. Amma "mai kama da ita" ba ta kwanta min ba.

Asabar, 7 ga Satumba
Na yi mafarkin gangaren.

Litinin, 9 ga Satumba
Abokan Mandlakhe na ƙungiyar tsoffin motoci sun cika ni da shawara. Kowa da gwaninsa, kowa na kushe na ɗan'uwansa. Ɗaya ya ce in ba shi makulli ya kai yarinyar, in huta. Na kusa cewa to. Amma ba shi ya yi alkawari ba.

Na tsara tambayoyi kamar na jarrabawa. Kun taɓa yin irinta? Ta ina za ku ɗaga ta? Za ku duba robobin ƙafa kafin saiti? Wa zai gwada ta a titi?

Laraba, 11 ga Satumba
Garejin Devi Moonsamy, bayan tashar jirgi. Ta gaje shi wurin mahaifinta. Ta amsa duk tambayoyina, ta ce in ba ta maki. Sai ita ma ta yi tata tambayar: wa zai tuƙa?

Ta ce mota maras nauyi irin wannan takan kwanta ta gefen direba, don haka da direban a ciki ake saita ta. Ta tuna Mandlakhe sarai. "Malama, mijinki ai buhun masara biyu ne da rabi. Ƙafafun nan da nauyinsa aka saita su." Ta kuma ga wata roba ta mutu, za ta canza.

Na ce ba za a sa buhun yashi a madadina ba? Ta ce za a iya. "Amma buhu ba shi zai sauko da ita gangare ba. Gobe ki zo, kada ki cika ciki da samosa."

Na yi dariya. Ɗan maƙwabta ne ya kawo min motar, can muka bar ta, na koma gida a tasi.

Alhamis, 12 ga Satumba
Na zauna.

Fatar kujerar ta lotsa daidai jikinsa, na nutse ciki kamar yaro a takalmin babansa. Ƙafata ba ta kai kuloci ba. Devi ta ce in matso da ita. Na ce a bar ta haka. Ta tsaya riƙe da sifana tana jira. Ƙarfen ya cije, sai da muka ja mu biyu.

Devi da yaran garejinta suna ƙasa suna awo, ni ina sama riƙe da sitiyari, an ce kada in motsa. Kuka ma sai a hankali, kada in ɓata musu lissafi.

Da aka gama, Devi ta ce ita ba ta gwada wa mutum motarsa. Ta shiga gefe. A miƙaƙƙen titin bayan masana'antu ta ce in sassauta hannu. Na ƙi. Ta sake faɗa. Na sassauta.

Motar ta miƙe.

Juma'a, 13 ga Satumba
Na bi gangaren ni kaɗai da rana, a giya ta biyu. Wani mai bas ya yi ta yi min oda. Ya je ya yi.

Har yanzu ina tsoro. Idan aka yi ruwa fa?

Lahadi, 15 ga Satumba
Ranar bikin ba a yi ruwa ba. Kakar Sinegugu ta yi guɗa, unguwa ta fito. Ta leƙo ta ce, "'Yata, a hankali, ita kaɗai gare ni." A hankali na tuƙa tun daga kwanar farko har ƙofar zauren bikin. Sinegugu kuwa gashinta kawai take karewa daga iska. Wai, "Malama, tafiyar nan ko kunkuru ya wuce mu."

Da na dawo na sa motar a gareji, na kai hannu zan mayar da kujerar baya. Ƙarfen ya cije. Ban dai ja da ƙarfi ba.

Yarinyar ta tambaya ko tuƙin da wuya. Na ce bayan jarrabawa ta zo filin makaranta ta gwada da kanta. Tsawonmu ɗaya, ba sai an taɓa kujerar ba.