Cikin Manja Fari Ne

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san babu mai kai wasiƙa inda kike, ba kuma za ki taɓa karanta wannan ba. Ko da a ce za ki karanta, na san halinki, layi biyu za ki yi ki ɗago kai ki amsa mini da Turanci. Duk da haka zan rubuta, don abin da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa a nan ƙasar Turawa, a Dagenham kaf.

Labarin gida ba shi da yawa. Ina nan ina aikina a gidan kula da tsofaffi. Kansul, hukumar da ta ba mu gidan nan, sun aiko takarda, wai ɗaki biyu ya yi wa mutum ɗaya yawa, na tura ta ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki ban amsa ba. Matan zumunta sun daina zuwa da kuloli tun wata na biyu, ban ga laifinsu ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da sikila ta ɗauke ki, amma har yanzu in sanyi ya sauko sai in fara neman safarki, kafin in tuna babu sauran ƙashin da zai yi miki ciwo.

Maganar Manja ce ta sa na ɗauki biro.

Kina da shekara goma sha shida kika shigo da shi gidan nan, ɗan maciji siriri kamar igiyar takalmi. Kika sa masa suna Manja saboda jan jikinsa, wai ko zan yi dariya. Ban yi ba. Kin tuna faɗan da muka sha a kan ɓerayensa da kika jera mini a firiza kusa da daddawa? Sau nawa kika tsaya a ƙofar kicin da shi naɗe a hannunki, kina cewa macijin masara ne, ba shi da dafi, iri-iri suke kamar atamfa, kowanne da sunansa? Ni kuwa sai in juya ga tukunyata in ce ki fitar mini da masifar nan. Shekara takwas yana gidana, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba ko sau ɗaya.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Na ce miki zazzaɓi ne ya kashe kakarki a Kaltungo. Ƙarya na yi. Kububuwa ce ta sare ta a gonar gyaɗa, ina da shekara tara. Kwana uku jini yana fita mata ta dasashi, ina tara mata ƙwarya. A garinmu yaro yana koyon zanen bayan maciji kafin ya koyi karatu, don ya san wanda zai guda. Da na faɗa miki haka, da kin daina ɗauka ke nake ƙi. Me ya hana ni? Har yau ban sani ba.

Kwana tara bayan mun binne ki na ɗauko robar da kike zuwa da shi asibitin dabbobi. Da sandar mofa na tura shi ciki, idona a gefe. Na hau bas biyu zuwa wani gida da ake karɓar dabbobin da suka rasa mai riƙo, na ajiye robar a bakin ƙofa tun ba su buɗe ba, na juyo. Ban bar suna ba, ban bar takarda ba. A hanyar dawowa har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini.

Sanyin bai daɗe ba. Kullum in na shiga ɗakinki sai akwatin gilashin da kike ajiye shi ya tsare ni, babu kowa ciki. Tufafinki ba sa numfashi, littattafanki ba sa cin abinci. Abu ɗaya mai rai kika bari a duniya, na kai shi na yar kamar shara. Bayan mako shida na koma.

Wani dattijon Bature na tarar, mai haƙuri. Na faɗa masa gaskiya, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce a watan nan macizai irin wannan guda huɗu aka yar musu a ƙofa, duk manya, duk ja-ja, babu mai takarda. Ya jera mini su a kan tebur ya fara tambaya. Idonsa ja ne ko baƙi? Zanen bayansa yana da baƙin gefe? Cikinsa fa, fari ne ko mai ɗaki-ɗaki? Ya ambaci sunaye, amel, motley, da wasu da na sha ji a bakinki ina tuƙa tuwo. Abin da na sani kawai ja ne kamar manja. Na nuna masa hoto ɗaya da nake da shi, na ranar da kika kawo shi, ya ce jaririn maciji launinsa yana sakewa in ya girma, kuma kansa kaɗai ya fito daga tafin hannunki. Wayarki a kulle take. Ƙawayenki suna da hotuna, na sani, amma sai in fara gaya musu abin da na aikata, kunya ta hana ni.

Ɗaya daga cikin huɗun ya ɗago kai ya karkaɗa harshe wajena. Na ce shi ne, ya gane ni. Ji wauta, Rifkatu. Yaya zai gane wadda ba ta taɓa kallonsa ba?

Wata huɗu ina kiwonsa. Na koyi narkar da ɓera a ruwan ɗumi, in miƙa masa da dogon hantsakinki. Ni da kaina na sake jera ɓeraye kusa da daddawa. In na dawo daga aiki sai in jawo kujera gaban gilashin in ba shi labarinki da Hausa, yadda kika ƙi nono da wuri, yadda kike yi wa nas-nas gardama. Na yi kuka a gabansa fiye da yadda na yi a gaban fasto.

Ran wata Asabar ina neman batir a durowar kicin, sai na ci karo da ambulan da kika ba ni ranar da za a kwantar da ke na ƙarshe. Na tuna na karɓa na cusa can, don na ga kin zana maciji a bayanta. Shafi uku ne, da 'yar gurguwar Hausarki, ke da ba kya rubuta mini ko saƙon waya da Hausa. Kin rubuta ranar ba shi abinci da zafin da yake so. A shafi na uku kin zana macizai huɗu da fensir mai launi. Na asali, mai baƙin gefe da ciki ɗaki-ɗaki baƙi da fari. Amel, wanda ba shi da baƙi ko ɗigo, mai jan ido. Anery, mai ruwan toka, babu ja. Sai motley, mai zobba jere a gadon baya kamar sarƙa. A ƙarƙashinsa kika rubuta: “Mama wannan ne Manja. Duba ciki. Ciki fari duka.”

Ranar na fara taɓa maciji da hannuna, ina da shekara hamsin da bakwai. Na ɗaga wanda nake kiwo sama na leƙa cikinsa. Ɗaki-ɗaki ne, baƙi da fari, daga wuya har wutsiya.

Na koma wurin dattijon da takardarki. Ya duba zanen. Ya ce ya tuna mai farin cikin nan, shi ne na biyu daga hagu ranar da na zo, kuma wasu mutane sun ɗauke shi mako uku bayan haka. Ba sa ba da adireshi, amma zai aika musu saƙo. Wata biyar ke nan. Duk ranar Litinin ina kira, yana ba ni haƙuri.

Yanzu ki kawo mini macizai ɗari, zan ware miki su ɗaya bayan ɗaya ba kuskure. Na san anery yana yin rawaya a wuya in ya manyanta. Na san in idonsu ya yi hazo saɓa za su yi, ba ciwo ba ne. Duk abin da kika tsaya a ƙofar kicin kina roƙo in saurara, na haddace shi. Wa zan gaya wa?

Wannan da ke ɗakinki ban mayar da shi ba. Wani ne ya yar da shi kamar yadda na yar da naki, ba zan yi masa sau biyu ba. Ban sa masa suna ba, na daina ba shi labarinki, amma yana ci a kan lokaci. Manja yana wani gida a garin nan, ana kiransa da wani suna. Ina roƙon Allah ya sa masu kallonsa ne.

Ki yafe mini, 'yata. Kin roƙe ni abu kaɗan, in juyo in duba. Ki huta lafiya, sai Ubangiji ya haɗa mu.

Ni ce mamanki,
wadda ta buɗe takardarki a makare.