Tafiyar Jijiya

Litinin, 3 ga Maris

Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya zama kamar tonon kaza. Tunda madubin shago ya faɗo ya yanke ni ƙasan gwiwar hannu, yatsun dama suka daina ɗagawa. Suna damƙa, amma ba sa buɗewa. Mai aski da ke rufe almakashi ya kasa buɗe shi! Likita ya ɗinke jijiyar, ya ce in ba ta farka ba zuwa ƙarshen Afrilu sai wata tiyata. Na ce bayanta zan koma aski? Ya kalli takalminsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ɗakin gashin ƙashi a asibiti. Mai gashin ta liƙa min filasta mai talewa daga bayan yatsu har gwiwar hannu, ruwan hoda, wai shi ya rage. Na ce wannan ne maganin? Ta ce, "A'a Baba, riƙe maka yatsun zai yi kar su sandare. Aikin na can ciki."

Maman yara ta yi dariya har da hawaye, wai na zama kayan kyauta.

Asabar, 29 ga Maris

Na leƙa shago. Ƙanena da ke riƙe min shi ya ɓata wa wani ƙeya, na haɗiye maganata na fito.

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau na ga ikon Allah. Mai gashi ta riƙa ƙwanƙwasa min hannu da ɗan yatsa, tana gangarowa. A wani wuri na ji tsir, kamar wutar lantarki ta ja ni. Ta ɗiga biro a wurin. Ɗigon wancan zuwan yana sama, tsakaninsu faɗin yatsa biyu. Wai jijiyar ce ke tsirowa, tana laluben tsohuwar hanyarta. A cikin namana! Ina cin abinci tana tafiya, ina faɗa da ƙanena tana tafiya. Wa ya nuna mata hanya? Na ce Subhanallah.

Talata, 22 ga Afrilu

Ɗigo ya ƙara sauka, yatsu shiru. Na yi motsa jikin da ta koya min har na yi gumi. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Jibi-jibin nan zan koma wurin likita. Da la'asar na cire filasta, na yi alwala. Ina zaune a tahiya, hankalina ma ba ya kan hannun, sai na ga manuniya ta rabu da gwiwata. Kaɗan, ƙwayar shinkafa ce za ta wuce. Ta yi rawa ta koma.

Wataƙila idona ne. Ban gaya wa kowa ba. Na dai manta inda nake a sallar, sai da na sako ta daga farko.