Kunnen Hagu na Mama

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan ƙalau muke. Ƙafar Mama ta warke, har ta koma yin shanya da kanta, in ka hana ta sai ta tambaye ka ko kai ka haife ta.

Maganar ɗakin baƙi ce ta sa na rubuto. Tun da Mama ta zame a banɗaki ka ce ko dai a samo mai haya da za ta zauna tare da ita, ko a rufe gidan ta dawo wurina. Ka san halinta, cewa ta yi gidan da Baba ya bar ta a ciki ba ta fita sai a makara. Na sa cigiya, na cika takarda da tambayoyi: ina take aiki, wa zai tsaya mata, ƙarfe nawa take dawowa. Mama ta leƙa takardar ta taɓe baki, ta ce in yi tambayoyina, ita kallo za ta yi.

Mata uku suka zo. Ta farko ma'aikaciyar banki ce, tsaf da ita, takardunta a cike. Ni kaɗai ta yi wa magana, har tana tambayata ko tsohuwar tana da rigima, alhali Mama na zaune a gabanta. Ta biyu malamar makaranta ce mai kirki, amma da Mama ta ce ta maimaita, sai ta dinga ɗaga murya har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ta uku tela ce, ta zo da zare manne a mayafinta, ba takarda ko ɗaya sai lambar wayar kawunta. A raina na riga na soke ta. Ana cikin hira ta ɗauke kujerarta daga hagun Mama ta mayar dama, ta ci gaba da maganarta a hankali. Sai ga Mama tana dariya, tana ba ta labarin tsohon keken ɗinkinta.

Da aka gama na ce ta bankin ta fi, Mama ta ce telar take so. Na matsa mata, sai ta ce kunnenta na hagu ya fi shekara da daina ji, ta ɓoye ne don kada mu tattara ta mu fitar da ita. Ta ce wadda ta gane haka cikin minti goma, kuma ba ta kunyata ta ba, ita ce za ta lura ranar da ƙofarta ba ta buɗe da safe ba. Wallahi Yaya, wayon Mama ya burge ni, kunya kuma ta kama ni. Kusan kullum ina gidan, ban da mitar Mama ta fara share mutane ba abin da nake yi.

Duk da haka na je shagon telar, na kira kawunta, kowa yabonta yake. Sati uku ke nan da shigowarta, ba ta fita sai ta ƙwanƙwasa wa Mama ta ji muryarta. Don Allah a bar maganar rufe gida.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, Goggo da Kawu suna gaishe ku. In ka zo hutu ka zauna ta daman Mama, kuma kada ka nuna na faɗa maka.

Ƙanwarka,
Auta