Ni Na Sa Mata Sifili

Litinin, 3 ga Maris

An yi faɗa a ajina lokacin tara. Yarinyar nan ta kujerar baya, wadda ake kira Sifili, ta fasa wa monita goshi da gwangwanin kayan lissafi. Ɗinki uku. Yarinyar da ko gaisuwarta sai ka kasa kunne!

Talata, 4 ga Maris

Shugaba ta ba ni fom in cike. Layi uku ne: wa ya yi duka, da me, wa ya gani. Dokar makaranta, wanda ya fara ɗaga hannu kora ce. Na ɗauki biro, sai na tsaya. Sai da na buɗe rajista na nemo sunanta na gaskiya. Wata biyar tana gabana. Na ji kunya ƙwarai.

Laraba, 5 ga Maris

Ni na sa mata sunan. A zangon farko ina rabon takardun gwaji, ina karanta maki da ƙarfi kamar yadda aka umarce mu, wai don su ji kunya su dage. Da na zo kan tata na ce, "Hajiya Sifili, a zo a karɓa." Aji ya kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ina son a ce darasina ba ya sa gyangyaɗi.

Alhamis, 6 ga Maris

Mahaifiyarta ta zo, da zaren ɗinki maƙale a mayafinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Malama, a gida ma ƙannenta da sunan nan suke kiranta yanzu. Na ɗauka yara ne suka ƙirƙiro."



Juma'a, 7 ga Maris

Fom ba shi da wurin dalili, sai na juya bayansa na rubuta cewa ni na sa mata sunan da aka tsokane ta da shi. Shugaba ta karanta, ta cire tabarau. "Kin san wannan fayil ɗinki zai shiga?" Na ce na sani. An mayar da korar dakatarwar mako biyu.

Litinin, 24 ga Maris

Ta dawo. Na raba takardu a kife, tebur tebur, ban karanta makin kowa ba. Ajin ya yi tsit yana jiran barkwancina, bai zo ba. Darasin ya yi sanyi, gaskiya.

Ta ci huɗu cikin ashirin. Da na kira ta da sunanta ba ta ɗago ba, sai da ta kusa da ita ta taɓa ta.