Na Goge Gilashin, Hajiya

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwar 'ya'yana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, yau Juma'a ce da hantsi, ina rubuto miki daga zauren gidanmu a Bagudo. Jiki da sauƙi. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, tarin ya lafa, sai dai kafaɗar dama tana ciwo fiye da kullum. Za ki ji dalili.

Ɗanki Bello yana so ya karɓe makullin motar.

Kwanakin baya ina dawowa daga kasuwar Lolo da yamma, a wata kwana rana ta bugi gilashin gaba, komai ya zama fari fat. Kafin in taka birki na goge jakin wani bawan Allah. Jakin bai mutu ba, ɗingishi kawai ya yi, mai shi ma ya yafe. Amma kin san garinmu. Ban gama alwalar magariba ba labari ya isa Birnin Kebbi. Bello ya bugo waya ya ce idona ne. Na ce gilashi ne. Ya ce zai zo yau bayan an sauko daga masallaci, in tuƙa shi zuwa Matsinkai mu dawo, in bai gamsu ba a sayar da mota.

Kin ji fa. Yaron da na koya wa riƙe sitiyari a filin makarantar da nake koyarwa, yana zaune kan matashi don ya hango gaba, shi ne yau zai yi mini jarrabawa.

Shi a wurinsa tsohon ƙarfe ce. Ni kuwa ita ce ƙafata. Da ita nake zuwa masallacin Juma'a. Da ita nake zuwa Lolo, inda har yanzu in na zauna a rumfar masu goro ake ce mini Malam, a tambaye ni ra'ayina. Matan rugar nan ta wajen Kurgu da kika saba sa ni in tsaya musu, har yau suna jirana da ƙwaryar nononsu a bakin hanya. Suna surutu da Fulatanci, suna yi mini dariya, ni kuma ina jin muryar mutane. In aka ɗauke motar, wa zai leƙo zauren nan? Ƙadangaru?

Kuma ban yi ƙarya a kan gilashin ba. Shekara da shekaru manyan motocin bakin iyaka suna watsa masa yashi da tsakuwa, ya yi ɗigo-ɗigo kamar fuskar wanda ya tashi daga ciwon agana. Sabo babu shi a kasuwa, irin motarmu ta ƙare. Sai Garba mai walda, maƙwabcinmu, ya ce yana da injin goge gilashi da ya sayo a tsallaken Benin, da wata hoda mai launin jar ƙasa. Ya ce zai yi mini. Na ce a'a, ya dai ara mini ya nuna mini. Abin da ya shafi idona da motata, hannuna ne zai yi shi.

Da kin ga mijinki, da kin riƙe baki. Na shimfiɗa tsohon zanenki mai ruwan ganye a kan bonet don kada hoda ta ɓata fenti, ki yafe mini. Na dama hodar da ruwa ta yi kaurin koko. Na hau benci, Garba ya tayar da janareto. Injin yana da faifai mai laushi a bakinsa, amma in ya fara juyi sai ka ce ɗan maraƙi ka kama. Karon farko ya fizge ni, saura kaɗan in faɗi.

Dokokin Garba uku ne, ya yi ta nanata su da wannan muryar tasa. "Malam, kar ka bari shi bushe. Kar ka tsaya wuri guda, sai shi yi kwarmi, hanya ta riƙa lanƙwashe maka. In ka ji shi yi zahi, tsaya, gilashi ba ya son mai hushi." Na huda murfin gora ina yayyafa ruwa, ina tafiya da injin a hankali, hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa. Jim kaɗan sai in ɗora bayan hannu in ji zafinsa, yadda kike taɓa goshin yara. Ramukan da farce ke maƙalewa a ciki ba sa fita, na ƙyale su. Sauran kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kwanaki na yi ina wannan aiki. In kafaɗa ta gaza sai in sauko in zauna, in ta dawo in koma. Masu wucewa suna cewa sannu Baba, wasu suna ƙunshe dariya. Su yi ta yi.

Jiya da la'asar na wanke shi da ruwa mai tsabta. Garba ya ja da baya ya dube shi, ya rantse kamar babu gilashi a wurin. Na shiga, na rufe ƙofa, na kama sitiyari, na dubi bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida.

Hazon da na saba gani yana nan, Hajiya.

Na cire tabarau na goge da bakin riga. Na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan. Na buɗe ƙofa na leƙa ta waje, inda babu gilashi sam. Yana nan.

Na daɗe a zaune. Sai na dubi kujerar gefena, na tuna surutunki. "Malam, jaki." "Malam, rami a damanka." "Ga mai keke can, Malam." Ni kuwa in daka miki tsawa in ce na gani, ke ce direba ko ni? Ba ki taɓa ramawa ba. Sai ki gyara mayafi, ki ci gaba. Da muna da ƙuruciya ba kya yin haka, barci ma kike yi a mota. A 'yan shekarun ƙarshe kika fara. Kin sani ke nan. Kin riga Bello sani, kin riga ni, kika zauna a gefena kina ara mini idonki ba tare da kin taɓa ce mini makaho ba.

To, ga abin da na yanke. Ba zan yi wa yaro jarrabawa ba. Ba wanda zai tsaya a kaina ya miƙo hannu ya ce kawo. In ya zo, zai zauna a tabarma, ya ci abinci, ya ga gilashin nan da uban da ya ce ya tsufa ya goge da hannunsa. Sannan ni da bakina zan gaya masa abin da na gani da abin da ban gani ba. Zai kai ni asibitin ido a motata, shi a sitiyari, ni a kujerarki. Sayarwa kuwa, sai bayan raina. In an wanke mini idon, zan karɓi abina. In ma ya tarar da takardar nan a zaure kafin mu haɗu, ya karanta, ba na ɓoye-ɓoye.

Allah Ya jiƙanki, Rabi. Allah Ya saka miki da alheri a kan kowane rami da kika kauce da ni. Ya sa kabarinki ya fi gilashin nan haske, Ya haɗa mu a inda babu hazo.

Naki har kullum,
Malam

Ƙari, bayan magariba. Na je masallaci, Garba ne ya tuƙa. Na sa an yi tuwon shinkafa da miyar kifi, na shimfiɗa tabarma, na zauna ina sauraron ƙarar kowace mota har rana ta faɗi. Bai zo ba, bai kuma bugo ba. Na rufe tuwon. Gobe in Allah Ya kai mu zan tambayi Garba ko ya san hanyar asibitin.