Yabon Gwaggon Rabi

Daren Alhamis, Birnin Kudu

Bayana ciwo yake, zuwa ƙauyen Dingaya a kan acaɓa ba wasa ba ne. Amma raina fari tas.

Tun da likita ya haɗa ni da Rabi, yarinyar da tsoron ƙiba ya hana cin abinci, don in riƙa kula da ita, nake roƙon mutanen gidansu kada su yi maganar jikinta. Yau a gidansu a Dingaya muna cin tuwon dawa ni da ita, sai ga gwaggonta daga Gwaram. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Masha Allah Rabi, kin yi ƙiba, kumatu sun ciko!" Ita a wurinta yabo ne. Ni kuwa kamar in toshe mata baki.

Rabi ta janye hannu daga kwanon. Ban lallashe ta ba, na ci gaba da cin nawa.

Can ta ce, "Anti, gabana faɗuwa yake." Na ce, "Na sani, ina nan."

Ta daɗe tana kallon miyar, sannan ta kai loma baki.

Yarinyar nan za ta warke in sha Allahu. Gwaggon ce aikina na gaba.