Gonar Kawu Datti

Kura, Janairu 1985

Zuwa ga aminina Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Barira da ɗalibanka na Zariya. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce a dagule.

Ka san damina ba ta yi ba, ruwan kanal ɗin ban-ruwa ya ja baya. A ofis aka ba ni lissafin rabo, kuma duk ta inda na juya shi amsa ɗaya yake bayarwa: a rufe ƙofar ruwan gonakin ƙarshen kanal, ta wajen Bunkure, don sauran su tsira. Tumatirin Kawu Datti yana can, mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Me zai hana kowa ya riƙa ba kunya ɗaya ruwa ya tsallake ɗaya, wani zagayen a juya? Kowa zai ragu kaɗan, amma ba wanda zai tashi hannu rabbana. Na kai wa manajanmu da ɗokina, ya ce ba ya aiki da mafarki, in kawo sakamakon gwaji. Na nemi fili in gwada, ya ce ba a gwaji da amfanin mutane. Don Allah, Dalhatu, shi rufe ƙofar wa ya taɓa gwada shi? Sabon abu ne kaɗai ake tambayarsa hujja, tsoho ko kisa yake yi wucewa yake salin-alin. Wai wannan ne aiki da hankali. Ka taya ni addu'a.

Naka har kullum,
Sammani

Kura, Maris 1985

Aminina Dalhatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Barira? Allah ya ƙara sauƙi.

An rufe, kuma ni aka tura da makulli, tunda lissafina ne. Kawu yana tsaye a bakin kanal. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Tambayata kawai ya yi ko na ci abinci. Tumatirin yana cikin fure, a kan idona ya yi yaushi ya ƙone.

Jiya manaja ya kira ni yana fara'a. Wai ya yi nazari, dabarata abar dubawa ce, kuma yanzu an samu filin da ya dace, inda ba abin da za a yi asara. Har ruwa na musamman ya ware wa gwajin. Wallahi takaici ya kama ni, domin ruwan nan da ya isa ya ceci furen.

Gonar Kawu ce filin. Ni kuma aka ce in je in nemi izininsa gobe, kuma na san zai ce to.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Sammani